KUJERAR HAJJIN MAMACI: GADO CE KO GANIMA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba gado da kanSa bai bar wa kowa rabonsa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata baiwar Allah da ta zo mana da tambaya, tana cikin takaba, ɗauke da wasu takardu a ƙunshe cikin leda. Maigidanta ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin kujerar Hajji a wani kamfanin jirgin yawo, sai ajali ya riske shi tun kafin a fara jigilar maniyyata. Da aka je kamfanin, sai aka ce ai kuɗin da ya shiga ba ya fita, sai dai iyalai su kawo wanda zai maye gurbi. Babban ɗan mamacin, wanda ba ita ta haife shi ba, ya miƙa fasfo ɗinsa ba tare da ya shawarci kowa ba. Ita kuwa tana da yara uku ƙanana. Tambayarta ita ce: "Malam, shin mu ba mu da komai a cikin wannan kuɗi?"

Amsarmu gare ta, da duk wanda irin wannan ya shafa, ita ce: kuɗin da mutum ya biya domin a yi masa wani aiki, sannan ya rasu ba a yi masa aikin ba, suna cikin tarikarsa, wato abin da ya bari. Ba su zama halaliyar wanda ke riƙe da su ba, ba su kuma zama na wanda ya riga kowa isa ofis ba. Haƙƙin magada ne baki ɗaya, kowa da rabon da Allah Ya yanka masa.

Mas'alar ba ƙarama ba ce

Kada mai karatu ya zaci wannan abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Maniyyaci yakan zuba kuɗinsa watanni kafin tafiya. Tun kuma da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, ta ƙaddamar da shirin adashin gata na Hajji tare da bankin Jaiz a 2020, mutum na iya shafe shekaru yana tarawa. Sannan kowa na tune da cewa a 2020 da 2021 annobar korona ta sa Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba. Da aka buɗe a 2022, kujeru 43,008 aka ba Nijeriya, aka kuma hana wanda ya haura shekara 65. Sai a 2023 aka koma wa kujeru 95,000. A tsawon wannan jira, dattawa nawa ne suka koma ga Ubangijinsu alhali kuɗinsu na ajiye? Wane ne a cikinmu bai san ko da mutum ɗaya ba?

Ba kuwa Hajji kaɗai ba ne. Akwai kuɗin hayar gida ko shago na shekara ɗaya ko biyu da ake biya tun farko, akwai kuɗin da aka ba magini ko kafinta, akwai hatsin da aka biya wa manomi tun da damina za a karɓa da kaka. Duk ƙofa ɗaya suke shiga.

Abin da fiƙihu ya tanada

Malamanmu sun jera haƙƙoƙin da ke rataye da dukiyar mamaci. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Shaihu Khalil ya tsara a ƙarshen Mukhtasar ɗinsa, ana farawa da haƙƙin da ya rataya da wani abu takamaimai kamar jingina, sai hidimar jana'iza gwargwadon al'ada, sai biyan basussuka, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan a raba saura ga magada. To amma kafin a zo kan wannan jeri, tilas a fara tattara dukiyar. Dukiyar mamaci kuwa ta haɗa da abin da yake bin mutane, kamar yadda ta haɗa da gida da gona da awaki. Abin mamaki, mukan yi cigiyar masu bin mamaci bashi tun a gaban gawa, wannan kuwa daidai ne, amma da wuya ka ji an yi cigiyar waɗanda mamacin ke bi.

Wanda ya karɓi kuɗin, ɗayan biyu ne. Ko dai wakili ne da aka damƙa masa kuɗi ya biya jirgi da masauki da sauransu, ko kuwa wanda aka ƙulla ijara da shi ne. In wakili ne, wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta, abin da bai kashe ba kuma amana ce a hannunsa, kuma aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umurni da mayar da amana ga ma'abutanta. In ijara ce, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin cewa hayar abu kamar gida ba ta warwarewa da mutuwar ɗayan biyun, amfanin da ya rage yana komawa ga magada. Hanafiyya kuwa suna ganin ta warware, wanda ke nufin a mayar da kuɗin kwanakin da ba a ci ba. Ka duba da kyau, ya ɗan'uwa: duk ɓangaren da ka bi, babu wanda ya ce mai riƙe da kuɗi ya haɗiye su kuma ya riƙe aikin. Hausawa ma sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A nan ya kamata masu gidajen haya su ji tsoron Allah. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa matar da mijinta ya rasu tana da haƙƙin zama a gidan har ta gama iddarta ta wata huɗu da kwana goma, idan gidan na mamacin ne ko kuwa ya riga ya biya kuɗin hayarsa. To ina hujjar wanda zai aiko wa mai takaba da takardar tashi alhali kuɗin shekara na aljihunsa?

Shubuhar "kuɗi ba ya dawowa"

Za a ce mana ai mamaci ya sa hannu a kan sharaɗin cewa ba a mayar da kuɗi, Musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu. Muna cewa adalci shi ne a rarrabe. Abin da kamfani ya riga ya kashe da gaske a madadin maniyyaci, wanda shi ma ba zai iya dawo da shi ba, ba ma cewa ya biya daga aljihunsa, haka nan ladan wahalarsa gwargwadon aikin da ya yi. Amma ya kawo lissafi a rubuce. Kuɗin guzuri da ba a ba kowa ba, da kujerar da aka sake sayar wa wani, da wane suna za a riƙe su? Wanda ya karɓi kuɗi biyu a kan kujera ɗaya, ya shiga cikin cin dukiyar mutane da ɓarna da aya ta 188 a Suratul Baƙara ta hana.

Ko kafin alƙalami da mai saye ke rasawa idan ya fasa, wanda malamai ke kira urbun, Imamu Malik bai halatta shi ba. Imamu Ahmad ya halatta, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta amince da shi a zamanta na Brunei a 1993. Sai dai ko a wurinsu wani yanki ne na kuɗin, kuma a kan wanda ya fasa ne da ganin damarsa. Wanda mutuwa ta ɗauke ba fasawa ya yi ba.

Ɓarnar cikin gida

Gaskiya ɗaya ce, sau da yawa zaluncin daga cikin gida yake fitowa. Wani yana ganin tunda sunansa mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancin da za a tuntuɓa, kuɗin sun zama nasa. Wannan kuskure ne. Rubuta suna a fom ba kyauta ba ce, ba kuma wasiyya ba ce. Ko da wasiyya ce, hadisi ya tabbatar da cewa ba a yi wa magaji wasiyya. Shi mai karɓa ne a madadin sauran.

Wani kuma sai ya ce zai yi wa mahaifinsa Hajji da kuɗin. Niyya ce mai kyau, yi wa mamaci Hajji kuma yana da asali, domin Bukhari ya ruwaito labarin matar nan Bajuhaina da Annabi (SAW) ya umurta ta yi wa mahaifiyarta, yana mai kwatanta shi da biyan bashi. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce idan Hajji ya wajaba a kan mutum ya rasu bai yi ba, za a fitar da kuɗinsa daga asalin dukiya ko bai yi wasiyya ba, amma sun sharɗanta mai tafiyar ya kasance ya sauke nasa faralin. A Malikiyya kuwa ba a tilasta wa magada sai in ya yi wasiyya, ita ma daga sulusi. Saboda haka ba mas'ala ce da ɗa ɗaya zai yanke shi kaɗai ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa daga masu maye gurbi wa kansu suke yi wa Hajjin, su dawo ana kiransu Alhaji da kuɗin ƙannensu.

Mu ƙaddara kuɗin naira 2,400,000 ne, babu bashi babu wasiyya, mamaci ya bar mata ɗaya da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da sumuni, naira 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, naira 400,000. Kowane namiji 680,000, 'ya mace 340,000. Ɗan da ya hau jirgi da wannan kujera ya tafi da naira 1,720,000 na waɗansu. Baligi na iya yafe rabonsa da daɗin rai, ba da kunya ko tsoro ba. Rabon maraya kuwa babu mai ikon yafe shi, ko uwarsa ce, ko kawunsa. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta siffanta cin dukiyar marayu da cin wuta. Da wane ido mutum zai tsaya a Arfa yana roƙon gafara da guzuri irin wannan?

Abin da muke ba da shawara

Na farko, duk wanda ya biya kuɗi gabanin aiki ya karɓi rasit, ya adana takardar banki, ya sanar da iyalinsa inda suke. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ɓoye wa iyali komai ba dattako ba ne, asara ce ake shirya musu. Maniyyaci kuma ya rubuta wasiyya: in ya rasu a yi masa Hajji da kuɗin, ko a mayar cikin gado.

Na biyu, idan rasuwa ta auku, magada su zaɓi amintacce guda su wakilta shi a rubuce, ya sanar da hukuma ko kamfani da wasiƙa ba tare da jinkiri ba, domin a dakatar da kashe kuɗin. Ya haɗa da takardar shaidar rasuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke da alhakin bayarwa, da kwafin rasit. Asalin takardu su zauna a hannunsa, ya kuma karɓi shaidar cewa an amshi wasiƙar.

Na uku, a nemi lissafi dalla-dalla: nawa aka kashe, a kan me, nawa ya rage. Idan kamfanin jirgin yawo ya ƙi, a kai kuka ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa, domin ita ke ba su lasisi. In abin ya faskara, ƙofar kotu a buɗe take.

Na huɗu, abin da aka karɓo kada a taɓa shi sai an kai gaban alƙali ko malami masanin fara'id, a raba a rubuce, a killace rabon marayu.

Muna kira ga hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi da kamfanoni da su rubuta ƙa'idar mayar da kuɗin mamaci da harshen da talaka zai fahimta, su sa mata wa'adi, kuma kada su karɓi mai maye gurbi sai da yardar magada a rubuce. Limamai da masu wa'azi kuma su sanar da jama'a cewa bin haƙƙin marayu ba kwaɗayi ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Masu cewa "a bar wa Allah" su sani cewa mutum abin da ya mallaka yake bar wa Allah, ba abin yaran da ba su san hagu da dama ba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.