Dafni: Kambun da Aka Tsinko Daga Jikin Wadda Ta Ce A'a

Girkawan dauri sun ɗauka cewa koguna da maɓuɓɓugai suna da 'yan ruwa, mata masu kyawun sura. Cikinsu akwai Dafni, ɗiyar Feniyos, wanda suka riƙa a matsayin mai kogin da ke ratsa ƙasar Tasaliya. Mawaƙin Rumawa, Obid, ya kawo labarinta a littafinsa na rikiɗe-rikiɗe, wanda ya kammala wajen shekara ta 8 Miladiyya.

Afolo, abin bautarsu na waƙa da duba, ya ƙyalla ido ya gan ta, ya ce sai ita. Ita kuwa ta riga ta zaɓi zaman daji da farauta, ba ta son aure. Ta gudu, ya bi ta. Da ƙarfinta ya ƙare a bakin kogi, sai ta roƙi mahaifinta ya sauya surar da ta jawo mata wannan masifa. Nan take ƙafafunta suka zama saiwa, hannuwanta rassa, gashinta ganye. Ta koma bishiyar da Girkawa ke kira da sunanta har yau.

Abin da ya biyo baya shi ya fi damuna. Afolo bai haƙura ba. Ya ce tunda ba ta zama matarsa ba, to za ta zama bishiyarsa. Ganyenta aka riƙa naɗa wa zakarun gasar da ake yi dominsa a Dalfi duk shekara huɗu, daga baya kuma sarakunan yaƙin Rum. Daga sunan bishiyar a Latinanci Turawa suka samo laƙabin da suke yi wa wanda ya ci kyautar Nobel. Sassaƙen marmara da Barnini ya gama a 1625 yana birnin Rum, jama'a na tururuwa suna yaba kyawunsa, alhali fuskar yarinyar firgici ce zalla.

A ganina, mai karatu, darasin a fili yake. Mahaifinta ya fi ganin sauƙin sauya 'yarsa a kan tsayar da mai ƙarfi. Ita ta rasa murya da ƙafa, shi ya sami kambu. Duk al'ummar da ke kiran naci da sunan soyayya, ta kuma ɗora wa yarinya nauyin ɓuya, tana maimaita hukuncin Feniyos. So ba ya zama so sai da yardar wanda ake so.