Kafin Mu Ce Wane Gwani Ne, Mu Ƙirga Har Da Jifan Da Ya Ɓarar

Tun da aka dawo hutu muhawara ɗaya ce ta hana mu sakat a bakin filin ƙwallon kwando: shin yaron nan na Faransa, Victor Wembanyama, ya isa a kira shi gwani, ko kuwa tsawo ne kawai Allah ya ba shi? 'Yan Gaya da 'yan Ajingi da ke cikinmu, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, wannan karon sun haɗu a kan hujja ɗaya, wato ɗan guntun bidiyon da suka kalla a waya lokacin hutu. Mu kuma a wannan kulob mun ce bidiyon nan ba hujja ba ne. Wanda ya haɗa shi jifan da ya shiga kawai ya tsinto, sauran ya zubar.

Ga abin da alƙaluma suka nuna. An haifi Wembanyama a 2004, ƙungiyar San Antonio Spurs ta Amurka ta ɗauke shi a 2023. A kakarsa ta farko a gasar NBA ya buga wasa 71, yana cin maki 21.4 a kowane wasa idan aka raba daidai, kuma shi aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa. Amma a cikin jifa ɗari, 46 da ɗoriya ne ke shiga kwando. A jifan nesa mai maki uku ma bai kai ɗaya cikin uku ba, kashi 32.5 cikin ɗari ne. Ƙungiyar tasa wasa 22 kacal ta ci cikin 82. Sai ga shi a Nuwamban 2024 ya zuba wa Washington maki 50 a dare ɗaya, da jifa 29 wanda 18 suka shiga. To, wanne ne shi, na daren nan ko na sauran ranakun? Mu dai a ganinmu duka biyun shi ne. Daren maki 50 ya nuna inda zai iya kaiwa, lissafin kakar gaba ɗaya kuma ya nuna inda yake tsaye a lokacin. A Fabrairun 2025 aka gano gudan jini a kafaɗarsa ta dama, ya ajiye wasa har ƙarshen kakar. Wannan ba laifinsa ba ne, amma duk mai auna ɗorewar ɗan wasa dole ya tambaya sau nawa ya samu shiga fili.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne muna da namu tauraron a nan, ba sai mun faɗi suna ba, kowa ya san shi. Ranar da hannunsa ya karɓa sai ihu ya cika filin, a ɗaga shi sama. Ranar da bai karɓa ba kuwa, zai yi ta jifa daga nesa ƙwallo tana dukan ƙarfen kwando tana dawowa, abokansa huɗu na tsaye da hannu a sama kamar masu roƙon ruwa, ba mai ba su. Da an tashi sai a ce shi ya fi kowa maki. Gaskiya ne, amma da jifa nawa? A ce mutum ya jefa 30 ya ci maki 20, wani ya jefa 10 ya ci 12. Na farkon ya cinye damar ƙungiya sau 30. Manomin da ya zuba iri kwano goma ya samu dami ashirin ba ya yi wa wanda ya zuba kwano uku ya samu dami goma sha biyu gori.

Lissafin jifan nesa ba shi da wuya, ɗan aji ɗaya ma zai iya. Idan ka jefa shida daga nesa biyu suka shiga, maki shida ne. Idan ka jefa shida daga kusa uku suka shiga, shi ma maki shida ne. Ke nan duk wanda jifansa na nesa bai kai ɗaya cikin uku ba, alhali yana iya cin rabi a ƙarƙashin kwando, asara yake jawo wa ƙungiya, ko da kuwa jifan nesan ne ke sa 'yan kallo tafi.

Kada a ɗauka hassada ce. Muna so ne wata rana mu gan shi a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sanye da rigar Kano Pillars, ƙungiyar da ta sha ɗaukar kofin ƙasa a ƙwallon kwando. A can mai horarwa da takarda da biro yake zama, kuma idan muka saba wa yaronmu da tafi a kan kowane jifa, mu muka cuce shi.

Saboda haka daga wasan da ke tafe, 'yan kulob biyu za su zauna a gefen fili da littafi. Za su rubuta jifan kowa, wanda ya shiga da wanda ya ɓarar, na kusa da na nesa, da ƙwallon da ya miƙa aka ci da wadda ya bari aka ƙwace. Ba za mu liƙa komai a bango ba sai an yi wasa biyar, domin wasa ɗaya ba ya nuna komai. Muna kuma roƙon malamin wasanni, idan ya zo zaɓen waɗanda za su wakilce mu a waje, ya leƙa littafin nan kafin ya kira suna. Mai son taya mu rubutu ya same mu ranar Laraba bayan tashi.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida