Ƙarfin Sauƙaƙan Kalmomi a Waƙoƙin Rabuwar Masoya

Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa waƙa ba ta ƙayatarwa sai an cika ta da adon harshe. A ra'ayina wannan kuskure ne, musamman idan jigon waƙar baƙin cikin rabuwa da masoyi ne. Za mu ɗauki misali daga waƙoƙin indi-rok na Amurka da Ingila, wato kiɗan rok da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suke fitarwa.

A hunturun shekarar 2006 zuwa 2007, wani mawaƙi mai suna Justin Vernon ya keɓe kansa a bukkar farauta ta mahaifinsa a jihar Wiskonsin, bayan ƙungiyarsa ta kiɗa ta watse, soyayyarsa kuma ta mutu. A can ya naɗi mafi yawan waƙoƙin faifansa *For Emma, Forever Ago*, wanda ya fitar a 2007 da sunan Bon Iver. Kusan duk abin da ake ji a ciki muryarsa ce da jita. Duk da haka faifan ya ratsa zukatan masu sauraro a ƙasashe da dama.

Me ya jawo hakan? Da farko, wanda baƙin ciki ya rufe ba ya tsayawa zaɓen manyan kalmomi, don haka gajeriyar jimla ta fi kama da maganarsa ta gaskiya. Na biyu, idan mawaƙi ya rage bayani, yakan bar wa mai sauraro gurbin da zai cike da nasa ciwon, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce ai wannan lalaci ne ko ƙarancin fasaha. Amma Vernon ya riƙa naɗar muryarsa sau da yawa yana ɗora wata kan wata har ta zama kamar ta ƙungiyar 'yan amshi. Ashe sauƙin da kunne ke ji sakamakon aiki ne da tacewa.

Saboda haka, ya kamata malami mai duba waƙar ɗalibinsa ya guji raba maki bisa yawan kamantawa da kambamawa. Ya tambayi kansa ko kowace kalma tana da aikin da take yi a baitin. Idan muka ci gaba da fifita ado a kan ma'ana, za mu yaye marubutan da suka iya burgewa amma ba su iya taɓa zuciya ba.