Daɗin Baki Ba Hujja Ba Ne

Ƴan uwa marubuta, mu daina ruɗar kanmu game da ilimin halayyar ɗan Adam. A 1930 birnin Frankfurt ya ba Sigmund Freud kyautar Goethe, wadda ake karrama ma'abota alƙalami da ita. Nobel ta likitanci kuwa, har ya mutu bai same ta ba. Mutumin gwanin ba da labari ne, har ya sa jama'a suka yarda cewa yaro yana kishin ubansa a kan uwarsa. To, ina gwajin da ya tabbatar da haka? Karl Popper ya yi gaskiya: ra'ayin da babu hanyar ƙaryata shi ba kimiyya ba ne. Mai ciwon damuwa magani yake nema, ba tatsuniya ba. In mun rubuta, mu fara kawo hujja, ado ya biyo baya.