Kaburburan da Ruwa Ya Rufe

Wanda ya mutu a filin daga yana da kabari, ana iya zuwa a tsaya kansa a yi masa addu'a. Amma wanda teku ta haɗiye ba shi da wurin da za a nuna, sai sunansa kaɗai, in an sami mai riƙe shi.

Tun 1929 reluwe ta kai Ƙaura Namoda. Da Yaƙin Hitila ya tashi a 1939, wannan hanya da ta ke kwasar gyaɗa da auduga ita ce ta kwashi samarin Arewa zuwa Ikko. Mutumin Zurmi ko Shinkafi, wanda bai san ruwan da ya wuce gulbi ba, sai ya ga kansa cikin jirgin ruwa makonni ba ya ganin tudu. A 1943 aka kai runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ƙasar Indiya, a 1944 ta 82 ta bi sawu, duka don yaƙin Bama.

Kada mai karatu ya zaci tafiyar nan wasa ce. Ran 12 ga Fabrairu, 1944, jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya harbi jirgin Khedive Ismail a Tekun Indiya, yana ɗauke da sojan Afirka ta Gabas daga Mombasa zuwa Kolombo. Cikin 'yan mintoci ya nutse, mutum kusan 1,300 suka halaka. Tekun nan kuwa ita ce 'yan runduna ta 82 suka ratsa bayan 'yan watanni.

Akwai wani jirgin da ya fi wannan kusa da mu, watau Mendi, na kamfanin Elder Dempster. A ƙarshen 1916, lokacin Yaƙin Jamus na farko, yana cikin jiragen da suka kai sojan Nijeriya Afirka ta Gabas. Da asuba ran 21 ga Fabrairu, 1917, cikin hazo kusa da Ingila, jirgin Darro ya banke shi, ya nutse da mutum 646, galibinsu leburorin soja baƙar fata na Afirka ta Kudu. Tsakanin mutanenmu da wannan ajali 'yan watanni ne kurum.

To, Afirka ta Kudu ba ta manta ba. Ta sa wa jirgin yaƙinta sunan Mendi, ta kuma sa wa lambar girmamawa ta jarumta wannan suna. Mu fa? Ƙauyuka nawa ne tsakanin Kasuwar Daji da Shinkafi za su iya lissafa 'ya'yansu da suka hau jirgin nan na Bama, da waɗanda suka komo, da waɗanda ba a sake jin ɗuriyarsu ba?

Wannan aiki ya faɗa wuyan masu alƙalami. Malaman ofis su binciki tsofaffin takardun En'e da na fansho. Malaman makaranta su tura yara wurin dattawa da masu unguwa, a rubuta sunan kowane soja, da garinsu, da shekarar da ya tafi, a ajiye littafin a gidan hakimi. Kusan duk tsofaffin sojan sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuma furfura ta cika musu kai. Abin da baki ya riƙe mutuwa takan tafi da shi, abin da aka rubuta shi ya ke zama.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, na tudu da na ruwa, amin.