Faya-fayan Garmaho Na Yola Da Jimeta: Yadda Za A Kwashe Muryoyinsu Kafin Su Lalace

A gidaje da dama na Yola da Jimeta, musamman gidajen tsofaffin ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da 'yan kasuwa, ba a rasa wata adaka ko kwali da aka tura ƙarƙashin gado, cike da faya-fayan garmaho waɗanda aka shekara talatin ko arba'in ba a ɗora musu allura ba. Masu su sun tsufa, waɗansu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Magada kuwa, in an zo rabon gado, faifai ba ya cikin abin da ake ja-in-ja a kansa. Sau da yawa yara ne ke samunsa su mai da shi abin wasa.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan dukiya a nan. Tun zamanin Turawa Jimeta ce mashigar kayan waje, domin jiragen ruwan kamfanoni irin su John Holt kan hauro kogin Binuwai da damina su sauke kaya a bakin gaɓarta. Daga baya aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, aka kuma kafa Jihar Gwangola a 1976 da hedkwata a Yola, gari ya cika da ma'aikata masu albashi. A wancan lokaci wanda ya ajiye rediyo mai haɗe da garmaho a falonsa ya kai mutum. Kamfanonin EMI da Decca da Philips na Legas suna buga faya-fayai, 'yan kasuwa suna kawowa Arewa. Akwai na Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Bala Miller, akwai na Kwango da na Indiya da na Jim Reeves, ga kuma waɗanda suka ƙetaro iyaka ta hanyar Garwa. Kaset ce ta kashe wannan kasuwa cikin shekarun 1980, don ta fi arha, tana shiga aljihu, kuma kowa na iya kwafarta.

To, faifai yana da ƙarko, amma ba a ko'ina ba. Da wata irin roba ake yin sa, roba kuwa ba ta shiri da zafi. A Yola, cikin watannin Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Faifan da aka jingine a karkace, ko aka jibga wasu a kansa, sai ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Ƙurar hunturu tana shiga cikin ƙananan layukan da sautin ke kwance a ciki, allura ta bi ta kanta ta yi ta gurza. Gara da kyankyasai suna cin kwalin da aka rubuta sunayen waƙoƙi. Ruwa ma ya yi nasa ɓarnar: ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da Binuwai ya cika ya batse bayan sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ta shiga gidaje da yawa na bakin kogi, kuma faifan da ya jiƙa aka bar shi cikin kwalinsa fumfuna ce ke cinye shi.

Maganin abin shi ne a kwashe sautin a zuba shi cikin kwamfuta. Sai dai kafin a tsoma hannu, ya kamata mai faya-fayai ya zauna ya tantance abin da zai fara da shi, domin aikin yana cin lokaci. Faifan minti arba'in sai an saurare shi minti arba'in cur, babu gajeriyar hanya. Yawancin mutane za su fara da waƙar da suka fi so. Wannan kuskure ne. Jim Reeves ba ya bukatar taimakon mutumin Jimeta, kamfanoninsa sun adana shi tuntuni. Shahararrun waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, suna cikin wayoyin mutane birjik, ko da yake yawancinsu kwafin kwafi ne da sautinsu ya dushe, don haka faifansa mai kyau yana da daraja. Amma abin da ya fi cancantar a fara da shi shi ne ƙaramin faifan nan na wani mawaƙi da ba a ƙara jin labarinsa ba, ko waƙar Fulatanci, ko kiɗan wata ƙabila daga cikin ƙabilun Adamawa masu yawa, ko waƙar coci da aka buga kaɗan aka rarraba. Irin wannan, mai yiwuwa ne wanda ke cikin adakar shi ne ya rage a duniya.

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko shi ne garmahon kansa, mai lantarki, wanda ke juyawa daidai. Faya-fayai iri uku ne bisa ga saurin juyawarsu a minti guda: babban faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, ƙarami mai juyi 45, na kamfanin RCA Victor a 1949, sai kuma tsohon yayi mai juyi 78, mai nauyi, mai fashewa kamar tangaran in ya faɗi. Wannan na ƙarshe allurarsa daban ce, ta fi kauri, domin layukansa sun fi faɗi. Wanda ya sa masa siririyar allura zai ji waƙar cike da ƙara.

Allura ita ce ran aikin. Tsohuwar allurar da ta dakushe tana yanka faifai, kuma abin da ta yanke ya tafi ke nan. A sayi sabuwa. Haka nan nauyin da hannun garmaho ke sauke wa faifai, yawanci giram ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi. Dattawa za su tuna yadda ake ɗora kwabo ko sule a kan hannun don kada allura ta yi tsalle. Dabara ce ta cin biki, amma ta kashe faya-fayai da yawa a ƙasar nan.

Na biyu, akwai wata 'yar na'ura da ke shiga tsakanin garmaho da kwamfuta. Dalilinta kuwa, sautin da allura ke fitarwa ƙarami ne ƙwarai, sannan tun wajen bugawa ana rage ƙarfin amo mai kauri a ƙara na siriri, don layukan su sami wuri a kan faifan. An daidaita wannan ƙa'ida a 1954, ana kiranta RIAA. Aikin na'urar shi ne ta ƙara ƙarfin sautin ta kuma mai da shi yadda yake. In babu ita, kalangu zai fito kamar ana buga gwangwani. Tsofaffin amfilifaya suna da ita a ciki, a ramin da aka rubuta wa PHONO. Sababbin garmaho masu wayar USB kuwa sun haɗa komai, sai dai a soka a kwamfuta, amma masu arha daga cikinsu allurarsu tana da nauyi, bai kamata a ba su faifai mai daraja ba. Akwai kuma siririyar waya da ake ɗaurewa daga garmaho zuwa jikin amfilifaya; in an manta da ita, sai a ji wani gurnani yana bin waƙar daga farko har ƙarshe.

Kada a ɗora faifai sai an wanke shi. Tataccen ruwa ake so, irin wanda masu gyaran batir ke sayarwa, wanda ba a zuba masa asid ba, da ɗigon sabulun ruwa da ƙyalle mai laushi. A bi da'irar layukan, kada a gitta su, kada kuma ruwa ya taɓa takardar tsakiya. A jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Faifai mai juyi 78 kuwa, ko kusa kada a kai masa sifirit, narkar da shi yake yi.

Sai maganar wuta. Tsofaffin garmaho da yawa suna ɗaukar saurinsu ne daga bugun wutar lantarki, wanda a Nijeriya sau 50 ne a daƙiƙa. Ƙaramin janareta ba ya riƙe wannan lissafi, yana hawa yana sauka, muryar mawaƙi ita ma ta riƙa hawa tana sauka tare da shi, ga kuma rurinsa da girgizarsa. Gara a yi aikin da batir da inbata mai kyau, a kan tebur mai ƙarfi, a rage sifika, a hana yara guje-guje a ɗakin.

A cikin kwamfuta, manhajar Audacity ta wadatar, kuma kyauta ce. A daidaita ƙarfin sauti yadda ba zai buga ƙarshen ma'auni ba, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Ma'aunin faifan CD, watau 44.1 kHz da bit 16, yana cin wajen megabait 10 a minti guda, kuma ya ishi mai saurare a gida. Ma'aikatan adana sauti na duniya sun fi son 96 kHz da bit 24, wanda ke cin wajen megabait 34 a minti, babban faifai ɗaya ya tasam ma gigabait ɗaya da rabi. Ko wanne aka zaɓa, a ajiye kwafin farko a matsayin WAV ko FLAC, ba tare da an taɓa shi ba. Daga jikinsa ne za a fitar da MP3 na sawa a waya, a nan ne kuma za a iya share ƙas-ƙas ɗin karce. Masu son sauti ya fito tas sukan wuce gona da iri, su share ƙarar har su haɗa da amon kukuma. Mafi muni kuma shi ne al'adar masu tura waƙa a kasuwa ta cusa sunan shagonsu da lambar wayarsu a tsakiyar waƙar mutumin da ya rasu tun ba a haife su ba.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne rubutu. Waƙoƙin da ke yawo a wayoyi yau, da yawansu ba su da suna, ba shekara, ba a san ko wane ne ya yi kiɗan ba. Saboda haka a ɗauki hoton takardar tsakiya da kwalin gaba da baya, a rubuta sunan mawaƙi da kamfani da lambar faifan. In mai shi yana raye, a tambaye shi inda ya saya da shekarar, da wanda aka yi wa waƙar, da ma'anar kalmomin da suka ɓace daga bakin matasa. A ajiye kwafi biyu a gidaje daban-daban, ɗaya nesa da bakin kogi. Faifan kansa kada a yar. A tsai da shi a tsaye cikin sabuwar riga, a ɗaki mai sanyi.

Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, amma Yola ba ta rasa masu iya ɗaukarsa ba. Ga gidan rediyon jiha na ABC, magajin na Gwangola, ga Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, ga gidan tarihi na Fombina a fadar Lamiɗo. Garmaho ɗaya mai kyau da kwamfuta ɗaya da ma'aikaci ɗaya mai haƙuri sun isa a buɗe ɗakin da mutane za su kawo faya-fayansu a kwashe musu, su koma da abinsu, a bar wa ɗakin kwafi. Sai dai a san cewa mallakar faifai daban, mallakar waƙar da ke ciki daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare masu waƙa da magadansu, don haka wanda ya yi niyyar sayarwa ko sawa a intanet, sai ya nemi iyalan mawaƙin ya yi magana da su tukuna.