Gorar Kakana

Makon jiya na je wani ƙauye da ke gefen fadamar Kalgo ta'aziyyar ƙanwar mahaifiyata, wadda ita ce ta rage a ɗakinsu. Ana cikin kwashe kayanta sai ga wata tsohuwar gora babba, bakinta ya tsage an ɗaure shi da igiya. Ɗana mai shekara tara ya ja mini riga ya ce, "Baba, wannan wane irin tulu ne?" Na ce masa gorar kakana ce, wadda yake kifa cikinsa a kai ya ratsa gulbi, homa biyu a hannuwansa, in ya kama kifi ya jefa a ciki. Yaron ya yi dariya, ya zaci zolayarsa nake yi. Laifina ne, domin ban taɓa gaya masa cewa mahaifin mahaifiyata masunci ba ne.

Gida biyu suka raine ni. Mahaifina mutumin Gwandu ne, daga zuriyar malamai masu alfahari da maƙwabtaka da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Mahaifiyata kuwa Bakaba ce, 'yar masu su. Duk wanda ya san tarihin ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin gidajen biyu. A 1805 Malam Abdullahi ya ci Birnin Kabi, Kabawa suka koma suka kafu a Argungu, aka yi ta gwabzawa kusan ƙarni guda. Ko bikin kamun kifin da duniya ke zuwa kallo, asalinsa tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ce a 1934, alamar an ajiye takobi. Da na shiga jami'a, in aka tambaye ni asalina sai in ce Gwandu, in yi shiru. Wa zai ambaci ƙarnin kifi alhali yana da tawada?

Amma fa in zan faɗi gaskiya, duk abin da nake mafarkinsa na ƙuruciya yana Kalgo. Hutun damina a can ake kai mu. Ruwan Gulbin Kabi ya malalo ya cika fadama har ido bai ganin ɗaya gaɓar, mu kuwa, da ba mu taɓa ganin teku ba, ba mu yarda akwai ruwan da ya fi wannan ba. Muna tsinkar bado, muna kallon shinkafar gargajiya tana tsawo tana bin ruwa, kullum kanta a sama. Da yamma hayaƙin banda ya turnuƙe gida, kakata tana jera tarwaɗa da karfasa da kurungu tana faɗa mana sunan kowane tafki da wanda ya taɓa nutsewa a ciki. In na tsaya nesa ina toshe hanci sai ta ce, "Kai ɗan malammai, matso nan. Wanga warin shi ya yi sadakin uwaka." Da rani kuma, tafki ya ƙafe ƙasa ta tsattsage, kakana ya tona da sanda ya zaro gaiwa da ranta. Na yi shekaru ina ɗaukar wannan a matsayin sihiri.

Ba wannan ruwan na tarar ba makon jiya. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, tsofaffi ke cewa ambaliya ta daina zuwa a kan ƙa'idarta. Tafkunan da na sani wasu sun cike, wasu sun zama gonakin shinkafar rani, ƙarar injin ban ruwa ta maye gurbin kukan tsuntsaye. Ba na kuka da wannan, mutane sun sami abinci da kuɗi, kuma wanda ke zaune a ofis bai da bakin hana manomi fadamarsa. In ruwan ya tashi zuwa kuma sai ya zo da fushi, kamar yadda aka gani a 2020.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Gwandu tana da masu rubuta ta. Ko Bature Heinrich Barth da ya sauka a garin a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya rubuta labarin ayabarta da albasarta, kuma a nan ya sami kwafin Tarikh al-Sudan ya kwashi abin da ya kwasa. Kakannina na wajen uba ina iya lissafa su har bakwai, domin suna cikin gafaka. Na wajen uwa daga na biyu na tsaya. Sunayen tafkunan, da addu'ar shiga ruwa, da yadda ake gane ramin kada, duk suna bakin matar da muka binne. Shekara ashirin ina tura ɗalibai ƙauyukan mutane su naɗo tarihin baka, ban taɓa ajiye na'ura a gaban innata ba.

Abu guda na tsira da shi, shi ma daga gafakar Gwandu. A gefen wani littafin fiƙihu kakana malami ya rubuta da ajami cewa wata shekarar yunwa ruwa ya tare shi a hanya, wani masunci ya ƙetare da shi, ya riƙe shi kwana goma sha ɗaya yana ci da shi, ya ƙi karɓar ko anini. Bai rubuta sunan mutumin ba, "mai gora" kawai ya ce. 'Yar wannan mai gorar ce daga baya ya nema wa ɗansa.

Na roƙi magada suka bar mini gorar. Tana bayan mota muka taho, ɗana na riƙe da ita kada ta fashe. Mun wuce ƙofar jami'ar tarayya da ke Kalgo ya tambaye ni ko da damina zan koya masa hawanta. Na ce to, alhali rabona da shiga ruwan da ya wuce gwiwa tun 1994.